Tagwayen Bindigogin Mai Lambu

Wata mata mai tsintar lemun da ruwan asuba ya kakkaɓo ce ta fara ganinsa. Yana kwance a karkace a layin mangwaro na ƙarshe, tankin feshi na goye a bayansa, ƙirjinsa ya yi kaca-kaca. Ta saki kwando ta kurma ihu, ma'aikatan lambun suka taho a guje ta kowace kusurwa.

Ɗan Feshi ne, saurayin magidanci mai 'ya ɗaya, wanda ya shekara bakwai yana yi wa itatuwan lambun feshin magani.

Kafin rana ta take, babu wanda bai ji ba: Baba Dogo mai gadi ne ya harbe shi. Shi da kansa ya faɗa a gaban jama'a, ya kuma miƙa wa 'yan sanda hannuwansa tun kafin su nema. Amma mutanen da suka taru a bakin get ba su watse ba. Wasu na cewa tsautsayi ne, wasu na cewa tsohon da ido ya fara gagara bai kamata a bar masa bindiga ba. Wasu kuwa murya ƙasa-ƙasa suke tambayar ina mai zuman nan da ya rantse wata biyu da suka wuce sai ya ga bayan Ɗan Feshi.

Auta, 'yar Baba Dogo, ba ta tsaya sauraronsu ba. Ta cire rigar aikinta ta rumfar tattara kaya, ta kama hanyar gidan Duƙau.

Duƙau ya shekara ashirin da shida yana gadin daji, yana bin sawun ɓarayin katako da dabbobin da suka ɓata. Sunan ya bi shi ne don ba a taɓa ganinsa yana tafiya kansa a sama ba. Ta same shi yana gyaran akurkin kaji.

"Kawu, babana ba ya harbi sai sama. Shekara talatin."

"An ce ya amsa laifinsa."

"Ya amsa. Ko cewa aka yi shi ya hana ruwa sauka bara, amsawa zai yi. Ka san shi."

Duƙau ya ajiye guduma. "In na duba ƙasa ta ce shi ne fa?"

"Sai in ji daga bakinka."

Ya ɗauki hularsa.

*

Mai Lambu ya tarbe su a ƙofar sito. Dattijo ne mai sanyin murya, fes da shi, takalmin fata a ƙafarsa. Idanunsa sun yi ja. Ya kama hannun Duƙau da hannu biyu.

"Ka kyauta da ka zo. Duba duk inda kake so. Dogo ɗan'uwana ne, tare muka dasa itatuwan nan. Na faɗa wa yarinyar nan, lauya a kaina yake."

Ya buɗe siton. A jikin bango akwai ƙusoshi biyu manya, taku ɗaya tsakaninsu. Ta hagu da bindiga a rataye, mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka harsashi. Ta dama babu komai.

"Tagwaye muke ce musu," in ji Mai Lambu. "Rana ɗaya na saye su, a shago ɗaya. Hannu in ya saba da abu, ba ya son baƙo. Kuma in wani ƙarfe ya lalace a wannan, sai a ciro na waccan. Ta hagu farin harsashi ne kullum a cikinta, ƙara kawai yake yi, babu dalma. Ita Dogo ke ɗauka da safe ya kori birai. Ta dama jan harsashi ne, na aladen daji. Sai a shekara ba a taɓa ta ba."

"Babu wata alama da ke raba su?"

"Ƙusa ce alamar." Ya sunkuyar da kai. "Laifina ke nan. Sau nawa ina cewa zan shafa wa ɗaya fenti."

"Wa ya buɗe wadda Dogo ya harba?"

"Ni. Da muka taru a kan gawar, na ce wa ya yi harbi. Dogo ya ce shi ne, kamar kullum. Muka ɗunguma zuwa bukkarsa, tana jingine inda ya bar ta. Na karya ta a gaban kowa, sai ga jan kwanso ya faɗo. Nan ya zube."

Duƙau ya sauke ta hagun ya karya. Farin harsashi, sabo, ba a harba ba. Ya shinshina bakin, sai ƙanshin mai.

"Wa ke da mukullin nan?"

"Ni, da ɗana manaja, da Dogo."

*

Wurin da gawar ta kwanta ƙafafun mutane sun tattake shi ya zama taɓo. Duƙau bai ɓata lokaci a nan ba. Ya juya ya hango bukkar gadi can gabas, ya auna da taku: ɗari da ashirin da huɗu. Ya dawo ya zagaya bishiyar da ke bayan inda mamacin ya faɗi, yana shafa ɓawonta da tafin hannu. Ta ɓangaren bukka ɓawon lafiya lau. Ta ɓangaren kudu, inda magudanar ruwa ta ratsa gefen lambun, ya ji ƙananan ramuka, danƙo na tsatsa daga cikinsu. Ya sa wuƙa ya ƙwaƙulo ƙwayar dalma uku.

Taku goma sha biyar daga nan ya sauka cikin magudanar. Bayan wani kurmin ciyawa ya tarar da abin da yake nema: gurbin gwiwa ɗaya, da sawun dogon takalmin roba. Kusa da gwiwar akwai shatin tafin hannu da ya nutse sosai, da wani shati mai kama da ƙwai, mai layi-layi masu kaifi a cikinsa.

Auta ta leƙo daga sama. "Mene ne, Kawu?"

"Wani ya durƙusa a nan da safe, bayan ruwa ya ɗauke. Wa ke sa irin takalmin nan?"

Ta nuna ƙafarta. "Duk ma'aikaci. Akwai ragowarsu jibge a sito."

Sawun ya bi magudanar ya hau kan dakalin siminti da ya nufi rumfuna, a nan ya ɓace. Amma a ɗaya gefen, jikin wayar da ta kewaye lambun, akwai wani sawun daban, na silifa, ya zo ya tsaya ya koma.

*

Mai zuma yana bayan wayar lambun, tsakanin akwatunan ƙudan zumansa. Rabinsu a buɗe suke, babu komai ciki. Da ya ga Duƙau na kallon silifansa sai ya yi dariyar da babu daɗi.

"Na san za a zo. E, na tsaya a wayar. Kullum nake tsayawa in zage shi in ya fara feshi. Akwati goma sha tara ya kashe mini."

"Ka ce sai ka ga bayansa."

"Na faɗa. Da baki. Ka ga bindiga a nan? Ko gwafa ba ni da ita." Ya tofar da yawu. "Kuma yau ban zage shi ba. Shi ya fara yi mini magana. Ya ce in yafe masa, daga yau ya daina. Ina juyawa ke nan aka kaɗa ƙararrawar bakwai, sai harbi."

"Harbi nawa?"

"Ɗaya mana." Ya waiga ya dubi wayar. "Sai dai na yau ya yi nauyi. Na tsohon nan tas yake yi, kamar an fasa leda. Na yau sai da na ji shi a ciki, kuma ya ja wutsiya. Na ɗauka damshin ruwa ne."

"Ba ka waiwaya ba?"

"In waiwayi me? Shekara nawa ina jin harbin nan ƙarfe bakwai daidai. Da shi nake saita agogona."

A hanyar komawa Duƙau ya tambayi Auta wa ke kaɗa ƙararrawa.

"Manaja. Yana kaɗawa Baba ke harbawa." Ta tsaya cak. "Yau ni na kaɗa. Mai Lambu ya leƙo rumfa tun da sauran lokaci, ya ce manaja ba ya nan, in bakwai ta yi in kaɗa."

"Ina manajan ya tafi?"

"Ban sani ba. Amma shekaranjiya kowa ya ji su da Ɗan Feshi. Har kwalar riga ya ci masa."

*

Manaja na zaune a kan babur ɗinsa a inuwar rumfa, yana ta juya mukulli a yatsa. Bai tashi ba.

"Kai ɗan sanda ne?"

"A'a."

"To me zai sa in amsa maka?"

"Ba dole. Gobe Sufeto zai tambaye ka, shi kuma a ofis yake tambaya."

Manaja ya ja tsaki. "Injin ruwa na can ƙarshen gona ya tsaya, na je dubawa. Tun shida da rabi na fita, sai da aka kira ni a waya ana ihu na dawo."

"Me ya haɗa ku da mamacin?"

"Rashin kunya. Ya ce ya bar aiki, ya kuma tsaya yana gaya mini wai gidanmu gidan masu kashe mutane ne. A gaban leburori. Ban san me yake nufi ba, kuma ban tsaya tambaya ba. Babana ne ya lallashe shi ya ƙarasa layin ƙarshe kafin ya tafi."

Duƙau ya bi sawun tayar babur ɗin da ƙafa, tafiyar kusan rabin awa. Tayar ta tafi tun ƙasa na jiƙe sharkaf, ta dawo bayan ta fara tsanewa. A ɗakin injin ya ga inda mutum ya daɗe a tsugune, da guntayen sigari huɗu. Injin kuwa babu abin da ya same shi, wani ne ya zare masa waya ɗaya.

*

Gidan Ɗan Feshi na gangaren rafi, ƙasa da lambun. Mata sun cika tsakar gida. Matarsa ta fito zaure da yarinya 'yar shekara huɗu a kafaɗa. Yarinyar ta rame, leɓɓanta sun yi fari, ko ƙuda ba ta korewa.

Duƙau ya yi mata gaisuwa, sannan ya tambaya ko mijinta ya gaya mata dalilin barin aikinsa.

"Saboda wannan." Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "Wata uku tana amai. Yara biyu sun rasu a layin nan da irin ciwon. Likita ya ce mu duba ruwan da muke sha. Da muka dawo gida ya zauna a nan har la'asar. Sannan ya ce mini shi ne. Ya ce bara an sa shi ya binne gangunan maganin da hukuma ta hana, a tsohon ramin da ke saman rafi."

"Wa ya sa shi?"

"Bai faɗa ba. Ya ce yau in ya tashi aiki zai je ya taho da ma'aikatan lafiya ya nuna musu wurin." Ta dubi Duƙau ido cikin ido. "Ɗazu da za a wuce da Baba Dogo, ya roƙi 'yan sanda suka tsaya a ƙofar nan. Ya durƙusa cikin taɓo yana cewa in yafe masa. Ban iya ce masa komai ba. Malam, shi ne?"

"Ban gama dubawa ba."

*

Sufeto mutum ne mai son aiki ya ƙare da wuri. A ofishin 'yan sanda ya saurari Duƙau yana ƙwanƙwasa biro a tebur.

"Dalma a jikin bishiya, na ji. Wani ya durƙusa a magudana, na ji, wataƙila ma biyan buƙata ya yi. Ni abin da ke hannuna: bindiga ɗaya da aka harba, jan kwanso a cikinta, a bukkar tsoho. Ɗayar ba a harba ba. An ji harbi ɗaya. Mai harbin ya ce shi ne. Me kake so in rubuta?"

"Ka bar ni in gan shi."

Aka fito da Baba Dogo. Dogon ne kuwa, amma ya rankwafa, yana tafiya yana dafa bango, ƙafar dama na jan ƙasa. Farar yana ta rufe masa rabin ido. Kwanon abincin da Auta ta kawo na nan a rufe.

"Baba, wace ƙusa ka ɗauka?"

"Na ɗauka ta hagu ce. Amma ga shi ba ita ba ce." Muryarsa ta dushe. "Idon ne. Na ɓoye wa maigida don kar ya sallame ni. Yaron da na goya a kafaɗata, kai."

"Da ka harba, ta bugi kafaɗarka?"

"Ban sani ba. Komai ya rikice mini."

Duƙau ya ja wuyan rigarsa ya duba. Babu ja, babu kumburi.

"Ina sandarka? Ba su bar ka ka taho da ita ba?"

"Ba ni da sanda."

"Da wannan ƙafar kake zuwa bukka daga sito, babu abin dogarawa?"

"Da ita nake dogarawa. In riƙe bakin, in kafa gindin a ƙasa. Ai babu komai cikinta sai ƙara."

Duƙau ya miƙe tsaye. Ya ce wa Sufeto ya nuna masa bindigar da ke hannunsu. Bai duba bakinta ba, bai duba kunamarta ba. Ya juya ta ya kalli gindin, ya mayar.

"Gobe da hantsi ka zo da ita lambu, da shi Baba. In na ɓata maka lokaci, ka rufe ni tare da shi."

Rana na dab da faɗuwa Duƙau ya iso 'yar siririyar hanyar da ta bi bayan layin lemu daga sito zuwa bukka, wadda babu mai bin ta sai mai gadi. Ya tsuguna ya daɗe. Sannan ya sa Auta ta kawo robobin wanke lemu guda biyar, suka kife su a wurare biyar. Ya ce mata da safe ta share ƙofar sito, ta yayyafa mata ruwa sosai, kada ta bar kowa ya taka sai ya zo.

*

Suka hallara da hantsi: Sufeto da ɗan sanda ɗaya, Baba Dogo, Mai Lambu, manaja, mai zuma, Auta. Matar mamacin ma ta zo, ba wanda ya kira ta, ta tsaya daga bakin ƙofa. Duƙau ya sa suka shiga siton ɗaya bayan ɗaya, shi yana waje kansa a ƙasa. Shi ya shiga ƙarshe, riƙe da faranti cike da jiƙaƙƙen yashi.

"Bindigogin nan iri ɗaya aka ƙera su," ya ce, "amma ba rayuwa ɗaya suka yi ba."

Ya karɓi ta hannun ɗan sanda ya danna gindinta a yashi. Shati ya fito mai layi-layi, kowane layi da kaifinsa. Ya sauke ta kan ƙusa ya danna kusa da shi. Wannan sumul ya fito, layukan sun cinye, gefe ɗaya ya ɓantare.

"Wannan ta sha ƙasa, don shekara da shekaru Baba na dogara ta. Waccan a bango ta yi zamanta. Sufeto, mu je ka ga wani abu."

Suka fita gaba ɗaya zuwa bayan layin lemu. Ya ɗaga robobin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin kowace akwai sawun ƙafar da ke jan ƙasa, a gefensa kuma shatin gindin bindiga, sumul, da ɓantararren gefe.

"Ruwan asubar jiya ya shafe duk sawun da ya riga shi. Wannan na jiya da safe ne, tafiya ɗaya, daga sito zuwa bukka. Baba bai yi kuskuren ƙusa ba. Mai farin harsashi ya ɗauka, ita ya harba sama."

Sufeto ya tsuguna da kansa, ya ɗora gindin bindigar da aka sauke daga ƙusa a kan shatin. Ya zauna daram.

"To yaya aka yi mai jan harsashi ta je bukka?"

"Kai ta aka yi. Wani ya ɗauke ta bayan Baba ya fita, ya laɓe a magudana, ya jira ƙararrawa. Harbi biyu aka yi a tare, shi ya sa mai zuma ya ji ya yi nauyi. Da aka yi ihu Baba ya bar bukka, sai mutumin ya bi dakalin siminti ya musanya su. Ya goge ta Baba da mai, ya sa mata sabon farin harsashi, ya rataye."

Duk idanu suka koma kan manaja. Ya ja da baya. "Wallahi ina wurin inji!"

"Kana can," in ji Duƙau. "Na bi tayarka. Wa ya ce maka injin ya tsaya?"

A hankali manaja ya juya ya dubi mahaifinsa.

"Baba ne. Ya ce in tafi, shi zai kaɗa ƙararrawa."

"Mutumin magudana ya sa takalmin da ya fi ƙafarsa," Duƙau ya ci gaba, "dunduniyar na ja. Da zai tashi daga durƙuso sai da ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya dogara bindiga da ɗayan. Shatin gindinta na can, mai layi-layi. Saurayi ba ya tashi haka. Takunsa gajere ne, ƙafar hagu na kallon waje. Ana canza takalmi, amma tafiya ba ta canzuwa. Ku je ƙofar sito ku duba sawun takalmin fata."

Babu wanda ya motsa. Mai Lambu ya ciro hankici ya share fuskarsa, ya ninke shi da kyau ya mayar aljihu.

"Ba sai an je ba," ya ce.

"Baba!" in ji manaja.

"Yi shiru, ba ka san komai ba, kuma haka na so." Mai Lambu ya dubi Sufeto, muryarsa a sanyaye kamar kullum. "Mutum sittin ke ci a lambun nan. In aka tone ramin nan, rufe shi za a yi. Na roƙi yaron, na ce ya ba ni wata ɗaya in kwashe su a hankali. Ya ƙi." Ya juya wajen mai gadi. "Dogo, ba a kashe tsoho makaho a kan tsautsayi. Shekara biyu, uku, ka fito. Da na riƙe maka iyalinka kamar nawa. Na yi wannan tunanin duka."

Baba Dogo ya daɗe yana kallon inda muryar ke fitowa.

"Ka ga lokacin da na faɗi a bukka," ya ce. "Kai ka ɗaga ni. Ka ce mini in yi haƙuri, ƙaddara ce."

Mai Lambu ya kawar da kai.

Baba Dogo ya lalubo hannun Duƙau ya riƙe gam. "Ɗana, gaya mini da bakinka. Ban kashe shi ba?"

"Ba ka kashe shi ba, Baba."

Sai a lokacin ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba tun jiya. Matar mamacin ta ratso mutane ta zo ta kama ɗaya hannun nasa. Ba ta dubi Mai Lambu ba har aka sa masa ankwa aka wuce da shi.

*

Kwana uku bayan nan ma'aikatan lafiya suka zo da motar haƙa. Manaja ne ya buɗe musu get, ya tsaya a gefe. Ganga goma sha ɗaya suka tono daga tsohon ramin. Huɗu sun ci tsatsa sun fashe, ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta yi baƙi, warinta na sa hawaye.

Shugabar tawagar, wata mata mai safar hannu har gwiwar hannu, ta ce sai sun kai samfurin ƙasa an gwada kafin su san inda abin ya bi. Sati biyu, ko uku.

Duƙau ya dubi gangaren. Daga bakin ramin akwai wani siririn layi da ciyawarsa ta fi ta gefe gajarta, bakin ganyenta a ƙone. Ya bi shi, kansa a ƙasa. Layin ya ratsa ƙarƙashin waya, ya bi tsakanin gonakin kayan miya biyu, ya wuce wani kududdufi da kwaɗi suka mutu a bakinsa ciki sama. Bai nufi rafi ba kamar yadda kowa ya zata. Ya karkata hagu, ya gangara bayan makarantar yara, ya tsaya a gindin babbar rijiyar unguwa.

Mata shida ne a wurin, suna jan ruwa suna hira. Wata ta riga ta cika jarkoki biyu. Wata na riƙe da kofi a bakin jaririnta.

Duƙau ya sa hannu ya karɓe kofin ya zubar a ƙasa.

"Kai, lafiya?" in ji matar.

"Ku ajiye gugan nan," ya ce. "Ku zubar da abin da kuka ɗiba. Wanda kuka kai gida da safe ma, a je a zubar."

Suka tsaya suna kallonsa, igiya na hannun ɗaya, gugan na lilo a tsakiyar rijiya.

"To mu sha me?" in ji babbarsu.

Duƙau ya jawo murfin rijiyar ya rufe, ya zauna a kai, yana jiran ma'aikatan su gangaro.